Yadda Ake Ɗinka Ƙugun Wando Mai Riƙe Bel, Ba Ya Naɗewa Ba Ya Zamewa

Wandon da aka ɗinka ƙugunsa daidai yana tsayawa a jikin mutum ko babu bel. Wannan shi ne ma'aunin da nake so kowane tela ya riƙe tun kafin ya ɗauki almakashi. Bel mataimaki ne kawai. Yana cike ɗan bambancin da ake samu tsakanin cikin da bai ci abinci ba da wanda ya ƙoshi, yana kuma ƙara wa shiga kyau. Amma idan sai an ɗaure shi tamau kafin wando ya zauna, har yadi ya tattare a ƙarƙashinsa, to ƙugun bai yi ba, kuma komai tsadar bel ɗin ba zai rufa masa asiri ba.

Ba tun asali ake sa wa wando kunnuwan bel, wato 'yan madaukan da bel ke ratsawa, ba. A ƙarni na 19 wandon Turawa doguwar hantsa gare shi, yana hawa har saman cibiya, igiyoyin kafaɗa ke riƙe shi, ƙugunsa kuwa sakwa-sakwa ake barinsa tunda ba ya ɗauke da nauyin komai. Kamfanin Levi's bai sa wa jins ɗinsa kunnuwan bel ba sai a 1922, bai kuma cire maɓallan igiyar kafaɗa ba sai a 1937. Da nauyin ya sauko daga kafaɗa ya dawo ƙugu, sai ya zama wannan siririn ƙyalle ne ke ɗauke da wandon gaba ɗaya, har da waya da makullai da ke cikin aljihu. Abu 3 ake nema daga gare shi: kada ya miƙe, kada ya naɗe, kuma ya zauna inda ƙashi zai tare shi.

Awo: fara da inda wandon zai zauna

Kada ka ɗauki lambar da mai wando ya faɗa maka da baki. Lambar da ke jikin wandon kanti sau da yawa ba ta yin daidai da abin da tef zai nuna. Ka ba shi bel ko igiya, ka ce ya ɗaura a inda yake son wandonsa ya tsaya, ya ɗan yi tafiya, ya zauna, ya tashi. Inda bel ɗin ya natsu bayan wannan motsi, nan ne layin ƙugunsa na gaskiya. A nan za ka zagaya tef, a kan rigar da zai riƙa cusawa cikin wandon, yana tsaye kamar yadda ya saba, ba tare da ya shanye ciki ba.

Abin da ke hana wando faɗuwa shi ne ƙashin kwatangwalo da tudun mazaunai. Muddin zagayen ƙugun wando bai kai zagayen abin da ke ƙasa da shi ba, ba shi da hanyar wucewa. Shi ya sa mai teɓa yake shan wahala: idan wandon ya zauna a tsakiyar tudun ciki, duk abin da ke ƙasa ya fi shi ƙanƙanta, dole ya gangara. Irin wannan jiki sai a zaɓi ɗaya, ko dai a ɗaga wandon sama da tudun, ko a saukar da gabansa ƙarƙashin tudun a ƙara wa bayan tsawo. Ka tsaya daga gefe ka dubi yadda bel ɗin ya kwanta. Idan ya karkata, gaba ƙasa baya sama, to haka za ka yanka saman wandon. Kar ka yi faɗa da jiki.

A kan awon da ka samu, ƙara rabin inci zuwa inci 1 na sakewa. Yadi mai kauri da mai cusa riga suna son inci 1. Ka kuma tambayi faɗin bel ɗin da yake sawa, domin shi ne zai yanke maka faɗin ƙugu da tsawon kunnuwa. Bel ɗin kwat yawanci inci 1¼ ne, kimanin santimita 3, na jins kuma inci 1½, kusan santimita 4.

Miƙaƙƙe ko lanƙwasasshe

Wandon da ke zama a tsukin ƙugu, daidai cibiya ko kusa da ita, miƙaƙƙen ƙugu ya ishe shi, domin a wurin jiki kusan a tsaye yake. Amma da zarar wando ya sauka ƙasa da cibiya da inci 1 ko 2, musamman ga wanda kwatangwalonsa ya fi ƙugunsa faɗi sosai, jikin yana buɗewa ne daga sama zuwa ƙasa. Miƙaƙƙen ƙyalle a irin wannan wuri ƙasansa zai kama, samansa ya yi hamma a baya. Wannan hammar ce ake ta ƙoƙarin rufewa da bel, ba ta kuma rufuwa.

Maganinta lanƙwasasshen ƙugu, wanda bakinsa na sama ya fi na ƙasa gajarta. Fitar da shi ba wuya. Yanko takarda mai tsawon rabin ƙugu da faɗin da kake so, ka tsaga ta daga sama zuwa dab da ƙasa a wuri 3 ko 4, galibi a gefe da baya, ka ɗora kowace tsaga kan 'yar'uwarta da kamar ⅛ na inci, ka liƙe. Takardar za ta lanƙwashe da kanta. Gwada ta a jikin mai wando har ta kwanta luf. Sai dai ka sani, lanƙwasasshen yanka yana ratsa yadi a karkace a wasu wurare, kuma yadi a karkace ya fi miƙewa. Dole ka ɗinka siririn ƙyalle marar miƙewa a cikin ɗinkin bakin sama. Gefen yadin shafi, wancan saƙaƙƙen bakin da ake yawan yarwa, yana yin wannan aiki sarai.

Lissafin yanka

Mu ɗauki mai ƙugu inci 34, da bel mai faɗin inci 1¼. Da sakewar inci 1, ƙugun wando zai zama inci 35 idan an rufe shi. Ina ba da shawarar a yanka shi gida 2, hagu da dama, su haɗu a tsakiyar baya. Haka telolin kwat ke yi, kuma dalilinsu mai ƙarfi ne: ranar da mai wando ya yi ƙiba ko ya rame, ɗinki ɗaya za a farke daga saman ƙugu zuwa hantsa, a buɗe ko a tsuke, ba sai an cire ƙugun duka ba.

Kowane ɓari inci 17½ ke nan daga tsakiyar gaba zuwa tsakiyar baya. Ga ɓarin hagu, ƙara inci 2 na harshen da zai haye kan dama, da rabin inci na rarar ɗinki a gaba, da inci 1½ na ajiya a baya: inci 21½. Ga ɓarin dama, ƙara faɗin ƙyallen da ke bayan zif, a ce inci 1½, da rabin inci, da ajiyar baya inci 1½: inci 21. Ajiyar nan sai ka bar irinta a jikin wandon ma, tana raguwa a hankali har ta koma rabin inci wajen lanƙwasar hantsa.

Faɗin da aka gama ya zama inci 1½, wato ya ɗara bel da kwata. Idan yadin wandon za ka ninka ya zama ciki da waje, yanka inci 4, ka ƙara ⅛ idan yadin na da kauri, saboda ninki yana cin nasa rabo. Idan shafi daban za ka sa a ciki, inci 2½ ya isa na waje. Ka yanka miƙaƙƙen ƙugu a tsayen yadi, yana bin gefensa, domin zaren tsaye ya fi na kwance ƙin miƙewa. Auduga da lilin da yadin jins kuwa a wanke su a goge kafin yanka, in ba haka ba wankin farko zai cinye sakewar da ka bari.

Abin da ke ciki

A nan ne yawancin wanduna ke lalacewa, domin wuri ne da mai wando ba ya gani ranar karɓa. Bayan wata 2 sai a ga ƙugun ya karye biyu a gaba, bel ya haye samansa. Mutum duk lokacin da ya zauna cikinsa na danna saman ƙugu zuwa waje da ƙasa, kuma yadin wando shi kaɗai ba zai iya jure wannan ba.

Gam shi ne ƙyallen da ake liƙa wa yadi ta ciki don ya ƙara ƙarfi, amma mai laushi irin na wuyan rigar mata ba na nan ba ne. Nemi sitif, wato ƙyalle mai tauri da ake sawa a ciki, irin wanda aka yi domin ƙugu, wanda yake lanƙwasuwa ya zagaye jiki amma idan ka matse shi daga sama zuwa ƙasa sai ya turje ya dawo. Irin wanda ake sayarwa da sunan Ban-Rol haka yake. Gwajin mai sauƙi ne: sa shi tsakanin babban yatsa da manuni ka matsa faɗinsa. Idan ya karye ya bar layi, to haka zai yi a jikin mutum. Idan gam mai liƙewa da guga kaɗai ke hannunka, zaɓi saƙaƙƙe, ba mai kama da takarda ba, ka liƙa shi a dukan ƙyallen, sannan ka ƙara wani falle a ɓarin waje kaɗai, wanda ka yanka daidai inci 1½ ba tare da ya shiga rarar ɗinki ba.

Liƙa gam dannawa ake yi, ba gogawa ba. Shimfiɗa ƙyalle mai ɗan danshi a kai, ɗora dutsen guga ka danna na daƙiƙa 10 zuwa 15, ɗaga, matsa gaba. Kada ka taɓa shi sai ya huce, domin a lokacin hucewa ne yake kamawa. Gam ɗin da aka yi wa gaggawa shi ne ke kumbura ya yi ƙuraje bayan wanki.

Shafin ciki ya fi kyau da auduga mai ƙarfi, irin ta aljihu. Tana shan gumi, ba ta santsi, kuma ba ta ƙara kauri kamar ninkin yadin wando. A wandon kwat akan bar shafin ya sauko ƙasa da layin ɗinki da inci 1 ko fiye, yanke a karkace da 'yar kalmasa, ya rufe kan aljihuna ya kuma rarraba matsin bel. Masu son riga ta daina fita suna iya sa shafi mai zanen roba a jiki. Dabarar ta daɗe: wandon DAKS da kamfanin Simpson na Landan ya fitar a shekarun 1930 da ita ya yi suna, ga ƙananan robobi a ciki masu riƙe riga, ga maɗauri a gefe, ba bel ba igiyar kafaɗa.

Kunnuwan bel

Yanko dogon ƙyalle ɗaya a tsayen yadi, faɗin inci 1⅛ idan kana son kunne mai faɗin ⅜, ko inci 1½ idan rabin inci kake so kamar na jins. Daje gefe ɗaya, ninka shi uku yadda dajajjen gefen zai kasance a sama ta baya, goge, sannan ka bi gefe da gefe da ɗinki 2. Idan yadin na da laushi, liƙa masa siririn gam tukuna. Sai ka yayyanka inci 3½ kowanne. Kunne 7 zai ci inci 24½, saboda haka yanka 26 don ka zubar da bakunan.

Nawa za a sa? Jins ya saba da 5, amma ka yi lissafi ka gani. A ƙugu mai inci 35, idan ka bar inci 7 a gaba saboda kan bel, saura 28. Kunne 5 zai raba wannan gida 4, tazarar inci 7 ke nan tsakanin kowane biyu. Kunne 7 zai raba shi gida 6, tazara ba ta kai inci 5 ba. A cikin wannan tazara ne wando ke lotsawa ƙasa bel ya tsaya a sama, musamman a baya idan mutum ya sunkuya. Yadin jins yana da taurin da zai jure, yadin kwat ba shi da shi. A ganina duk wandon da ƙugunsa ya wuce inci 32 ya cancanci 7, mai inci 40 zuwa sama kuma 8 ko 9.

Biyun gaba su zauna inci 3 zuwa 3½ daga tsakiya, a kan layin karin guga ko kan kalmasar farko idan wandon na da ita. In sun matso ciki, kan bel ba zai sami wuri ba. In sun yi nisa, gaban wando zai leƙo ta ƙarƙashin kan bel. Ɗaya ya zauna a tsakiyar baya. Sauran 4 a raba su daidai a tsakani, kana kauce wa bakin aljihu da kan ɗinkin gefe inda kauri ya taru. Wasu sun fi son kunne 2 a baya, ɗaya a kowane gefen ɗinkin tsakiya da tazarar inci 1 ko 1½, don gyara ya zo da sauƙi. Wannan ma daidai ne, kuma ya fi riƙe baya.

Ramin kunne ya ɗara faɗin bel da kwata zuwa rabin inci. Ƙasa da haka, bel mai kauri ba zai shiga ba sai da kokawa, kuma kokawar ce ke tsinka kunne. Fiye da haka, wandon zai sauka kafin kunne ya taɓa bel, wato bel ɗin ba ya riƙe komai.

Haɗawa

Kafin komai, gama zif da aljihuna da dat, wato ɗan ɗinkin da ke tsuke saman wando, ka haɗa gefuna, ka bar ɗinkin tsakiyar baya a buɗe daga sama zuwa kamar inci 6 ko 7. Bi saman wandon da ɗinki ɗaya dab da layin rabin inci don kada ya miƙe a hannunka, ka kama saman aljihuna a ciki. Aljihun da ba a rataye shi a ƙugu ba, duk nauyin da aka sa masa a bakin aljihu zai ƙare.

Jera kunnuwan a fuskar wando, kansu na kallon ƙasa, bakinsu daidai da bakin wando, ka kama su da ɗan ɗinki. Sa wa ƙugu alama da alli a tsakiyar gaba, gefe, da tsakiyar baya. Ka lura, alamar gefe ba lallai ta faɗo a rabi ba, auna ta daga jikin wandon. Kifa fuskar ƙugu a kan fuskar wando, alama kan alama, ka soka fil. Daidai ne saman wando ya ɗara ƙugu da kamar kwata inci a kowane ɓari. Wannan rarar ake shigarwa a hankali, ita ke ba wando wurin hawa tudun kwatangwalo ba tare da ya ja ba. Sa wandon a ƙasa ƙugu a sama lokacin ɗinki, haƙoran keke za su taya ka cinye rarar. Ulu yana shanye ta da tururi, auduga mai tauri kuwa ba ta karɓar da yawa, sai ka rage.

Bayan ɗinki, rage kaurin rarar hawa-hawa, ɗaya ta fi ɗaya gajarta, ka goge ta tana kallon sama. Yanzu ja kowane kunne ƙasa, ka ɗinke shi a jikin wando ⅜ na inci ƙasa da layin ƙugu, sannan ka juyo da shi sama. Wannan saukowar ce ke ba ramin faɗin da ya wuce na ƙugu.

Idan da shafi, haɗa shi da bakin sama, ka goge yadda yadin waje zai ɗan leƙa ciki da ⅛, kada shafi ya fito. A nan kana da zaɓi: ko ka tura kan kunne cikin wannan ɗinki ya ɓace, wanda ya fi tsabta a wandon kwat, ko ka bari sai an gama ka kalmashe shi ka ɗinke ta waje, wanda ya fi ƙarfi. Ɗinke harshen gaba ta baibai, yanke kusurwoyi, juya, fitar da su da abu marar kaifi.

Kafin ka rufe ciki, sa ƙugiya. Irin mai faratan da ake lanƙwasawa tana bukatar ta ratsa sitif, da ɗan ƙarfenta a baya, in ba haka ba za ta yage yadi. Kuma kada ka bar ƙugiya ɗaya da dukan aikin. Sa maɓalli a harshen waje, ka sa wani a ciki wanda ƙyallen bayan zif zai kama ta ɓarin hagu. Maɓallin cikin nan yana ɗauke ja daga kan zif, shi ke sa gaban wando ya kwanta sumul. A wandon maza hagu ke hawa kan dama.

Yanzu juya wandon, ka ɗinke tsakiyar baya da zubi ɗaya daga hantsa har saman ƙugu, layin ƙugun hagu da na dama suna haɗuwa daidai. Bi shi sau 2, domin babu ɗinkin da ya kai shi shan wahala. Buɗe rarar ka goge. Wasu sukan bar 'yar tsaga ta rabin inci a can sama don ƙugu ya ɗan buɗe idan an zauna. Idan za ka yi ta, ƙulle gindinta da kyau. Sai ka saukar da shafi ko ninkin ciki, ka bi ta waje da ɗinki a cikin kwarin da ke tsakanin ƙugu da wando yadda zaren zai ɓuya, kana ɗaga kunnuwa kada ka taka su. Wandon kwat an fi kama shafinsa da allurar hannu a kan aljihuna da rarar ɗinki.

Saura kan kunnuwa. Kalmashe rabin inci, daidaita da bakin ƙugu, ka ɗan saki kunnen ya yi tudu kaɗan don kaurin bel. Hanya mafi tabbas ita ce ka zura bel ɗin kansa a ƙarƙashi kafin ka soka fil. Ƙulle shi da zigzag matsattse, ko ka je ka dawo sau 4 ko 5 da miƙaƙƙen ɗinki, ya ratsa har sitif. A yadin jins sa allura lamba 16 ko 18, ka daddoka wurin da guduma ya kwanta, ka tokare bayan ƙafar keke da ninkin ƙyalle don ta daidaita, in ba haka ba zare zai yi tsalle ko allura ta karye.

Gwaji

A gwada wandon ba bel tukuna. Yatsu 2 su shiga tsakanin ƙugu da jiki ba tare da an tura da ƙarfi ba. Mai wando ya sa abin da ya saba sawa a aljihu, ya yi tafiya, ya zauna, ya sunkuya. Idan baya ya yi hamma alhali gaba ya zauna, a tsuke ɗinkin tsakiyar baya ta sama ko a zurfafa dat. Idan baya yana jan ƙasa duk lokacin da aka zauna, ba laifin ƙugu ba ne, hantsar baya ce ta gaza, kuma tsuke ƙugu ba zai gyara ta ba. Idan yadi ya yi layi a kwance dab da ƙasan ƙugu ta baya, tsawon wurin ya yi yawa, a farke a saukar da ƙugun kaɗan a tsakiya. Idan bakin aljihu yana buɗewa, kwatangwalo ne ya matse.

Sai an wuce wannan za a zura bel. Ya kamata ya ɗauru a ramin tsakiya, ya kwanta a kan ƙugu ba tare da yadi ya tattare ba, wutsiyarsa ta shige kunnen farko na hagu. In kan bel yana zamewa ƙasa ko yana hawa sama da harshen wando, ɗinka ɗan siririn madauki a tsakiyar gaba, a bakin ƙasan ƙugu, wanda tsinken kan bel zai ratsa kafin ya shiga raminsa. Faɗinsa kada ya wuce kwata inci, tsawonsa kuma daidai yadda tsinken zai shige.